Akwati na Sha Bakwai

Ɗakin adana takardun garinmu yana bayan gidan waya,
ƙofa ɗaya, taga ɗaya,
iskar Patagoniya na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi.
Tsohuwa Eluned, mai riƙon mabuɗi, ta miƙo mini farar safar hannu,
ta ce, "Juya a hankali, ɗana.
Takarda ma tana da ƙashi."

Akwati na sha bakwai na gidanmu ne.
Kirtani ya ci gefensa.
Ga tikitin jirgin ruwa, gishirin teku ya lashe rabinsa.
Ga hoton wani mai gemu da ya ƙi murmushi,
Idwal ke nan, kakan kakana,
wanda ya baro duwatsun Wales da garma ɗaya da mace mai juna biyu
don an ce masa ƙasar nan kore ce shar.
Ya iske ƙaya da tsakuwa.

Littafinsa ba ya da surutu.
"Litinin. Haƙa magudanar ruwa, taku arba'in."
"Talata. Ruwa ya ƙi hawa."
"Laraba. Mun binne ɗan Meurig.
Ba katako, sai muka fasa akwatin littattafai."
Alhamis ba a rubuta komai ba,
sai shatin gindin kofi a tsakiyar shafi.

Ga kundin bashin kanti:
fulawa buhu guda, ba a biya ba,
kyandir shida, ba a biya ba,
allura, gishiri, ƙusa, ba a biya ba.
A shekara ta uku wani ya ja layi daga sama har ƙasa
da wata tawada daban: "An yafe."
Ba hannun mai kanti ba ne.
Eluned ta ce rubutun matarsa ne.

Ga wasiƙar Tegwen zuwa ga ƙanwarta,
an ninke ta, ba a taɓa aikawa ba:
"Kada ki zo.
Ko kuwa ki zo ɗin, ki taho mini da irin albasa."

Sai na kai ga hunturun yunwa.
"Wata mata daga mutanen tudu ta kawo nama da bargon fata.
Mun ba ta burodi."
Na juya. "Matar ta dawo."
Na juya. "Matar ta nuna mana idon ruwa bayan dutse."
Sau goma sha ɗaya na ƙirga ta.
Dokin Idwal yana da suna a littafin, Seren.
Saniyar da ta mutu an rubuta kuɗinta har da kwabbai.
Wadda ta hana zuriyarmu yankewa a wannan sanyi,
"matar" kawai.

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan raɓa ta kwana, ta wuni, ta yi saiwa,
ta auna filaye, ta raɗa wa tituna suna,
ta zana taswira ta rubuta a inda tantunan masu gida suke:
"Fili, ba kowa."

Na ɗago kai. Eluned na goge tabarau.
"Shekara talatin ina nemanta," in ji ta,
"a rajistar coci, a takardun alƙali, a bayan hotuna.
Wataƙila ta faɗa musu sunanta, harshensu ya kasa ɗauka."

Ta ba ni katin da ake cikewa: sunayen da ke cikin akwati.
Na rubuta Idwal. Na rubuta Tegwen, da Meurig, da ɗansa.
A saman su duka na bar layi ɗaya fayau.
"Doka ba ta yarda a bar gurbi ba," in ji tsohuwa,
sannan ta buga hatimi, ta sa katin a aljihun teburi.

A waje magudanar Idwal na gudana har yau,
yara na tsallake ta da kekuna.
Na tsuguna na wanke ƙurar takarda daga goshina.
Ruwan da sanyi.
Daga bayan dutse yake fitowa.